NAƘUDA KAFIN LOKACI DA HAƊARINTA GA JARIRI

1.0 Gabatarwa

Al'adun haihuwa na Bahaushe, tun daga goyon ciki zuwa yanke cibiya da wankan jego da zanen suna, an gina su ne bisa zaton cewa ciki zai cika wata tara, jariri ya faɗo da ƙwarinsa. Galibi haka abin yake kasancewa. Amma akan sami lokacin da naƙuda takan riga lokacinta, a haifi ɗa tun halittarsa ba ta gama nuna ba. Wannan darasi zai yi bayani a kan irin wannan naƙuda: ma'anarta, da abubuwan da ke kawo ta, da alamominta, da haɗarin da jariri yake shiga, da kuma matakan da ke tsakanin rayuwarsa da mutuwarsa. Ana son ɗalibi ya lura da abu guda tun daga farko, wato a wannan lamari kowane mako da jariri ya ƙara a ciki yana da daraja, kuma idan naƙudar ta taso, to, kowace sa'a ma tana da daraja.

1.1 Lissafin Ciki da Ma'anar Bakwaini

Mata a ƙasar Hausa da wata suke lissafin ciki. Mace takan ce ta yi ɓatan wata, daga nan ta shiga ƙirga har zuwa wata tara. Ma'aikatan asibiti kuwa da mako suke lissafi, kuma suna farawa ne daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe da matar ta gani. A wannan lissafi cikakken ciki mako 40 ne, wato kwana 280. Lissafin biyu ba su saɓa wa juna ba. Idan aka fara ƙirga daga ranar da cikin ya shiga, kwanakin sukan kama 266, wanda ya yi daidai da wata tara na ganin jinjirin wata. Bambancin kawai shi ne lissafin mako ya fi tsauri, domin a cikin wata guda jariri yakan canza ƙwarai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana haihuwa kafin lokaci da cewa ita ce haihuwar jariri da rai kafin ciki ya cika mako 37. Naƙuda kafin lokaci kuwa ita ce juyin mahaifa a kai a kai wanda yake sa bakin mahaifa ya yi laushi ya fara buɗewa kafin wannan wa'adi. Hukumar ta kasa irin waɗannan jarirai gida uku: waɗanda aka haifa kafin mako 28, da waɗanda aka haifa daga mako 28 zuwa ƙasa da 32, sai kuma na mako 32 zuwa ƙasa da 37. Kaso na ƙarshe shi ne mafi yawa, domin kimanin kashi 15 cikin 100 ne kawai ake haifa kafin mako 32.

Bahaushe yana da kalma guda ga dukkan waɗannan, wato bakwaini. Kalmar daga bakwai ta samo asali, ma'ana ɗan wata bakwai, amma a yau ana amfani da ita ga duk jaririn da bai cika kwanakinsa ba. A nan akwai abin lura ga ɗalibin harshe. Kalma ɗaya ta haɗa jaririn mako 27, wanda nauyinsa da ƙyar ya kai kilo guda, da jaririn mako 36, wanda kan iya wuce kilo biyu da rabi. Na farko ba ya iya numfashi sai da taimako, na biyu kuwa yakan kama nono da kansa. Mai jin kalmar zai zaci matsalarsu ɗaya ce, alhali tazarar da ke tsakaninsu mai faɗi ce. Haka kuma ba kowane ƙaramin jariri ne bakwaini ba. Akwai wanda ya cika watanninsa amma bai sami isasshen abinci a ciki ba, sai a haife shi ƙasa da kilo biyu da rabi.

Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun tabbatar da cewa mafi ƙarancin ciki wata shida ne, don haka ɗan da aka haifa bayan wata shida da ɗaura aure na mijin ne. Wannan hukunci yana da amfani a tuna da shi, domin amaryar da ta haihu a wata na bakwai takan sha tsegumi a bakin mutane, a daidai lokacin da ita da jaririnta suka fi bukatar kulawa.

1.2 Ɗan Wata Bakwai da Ɗan Wata Takwas

Akan ji tsofaffi suna cewa ɗan wata bakwai yana rayuwa, amma ɗan wata takwas ba ya yin rai. Wannan magana ba a ƙasar Hausa kaɗai take ba. Tana nan a cikin littattafan likitancin Girkawa da ake jinginawa ga Hippocrates, waɗanda suka haura shekara 2,000, kuma ta yaɗu a ƙasashe da dama. Sai dai ba gaskiya ba ce. Ɗan wata takwas ya fi ɗan wata bakwai damar rayuwa nesa ba kusa ba, domin huhunsa da ƙwaƙwalwarsa da hanjinsa sun ƙara mako huɗu suna nuna.

Me ya sa maganar ta daɗe haka? A ganin mai wannan rubutu dalilai biyu ne suka raya ta. Na farko, lissafin wata yana da saurin kuskure, sau da yawa wanda aka kira ɗan wata bakwai ya wuce haka. Na biyu, ɗan wata bakwai ƙanƙantarsa a fili take, sai a ɓoye shi a ɗaki, a lulluɓe shi, a hana kowa ɗaukarsa. Ɗan wata takwas kuwa kama yake da cikakken jariri, sai a yi masa duk abin da ake yi wa cikakke, a wanke shi, a fito da shi, a yi ta miƙa shi hannu-hannu. Illar wannan camfi ita ce yakan sa iyaye su fid da rai ga jaririn da ɗumi da nono kawai yake bukata.

1.3 Girman Matsalar

Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa a shekarar 2020 an haifi jarirai miliyan 13.4 kafin lokaci, wato kusan ɗaya cikin kowace haihuwa goma. A 2019 yara kimanin 900,000 ne suka mutu saboda matsalolin da wannan haihuwa ke jawowa, kuma ita ce kan gaba wajen kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar a duniya. Nijeriya ce ta uku a yawan irin waɗannan jarirai, bayan Indiya da Pakistan, da fiye da 770,000 a shekarar 2020.

Bakwaini ana haifarsa a kowace ƙasa, mai arziki da matalauciya. Abin da ya bambanta shi ne makomarsa. A ƙasashe matalauta fiye da kashi 90 cikin 100 na jariran da aka haifa kafin mako 28 suna mutuwa cikin kwanakin farko, a ƙasashe masu arziki kuwa waɗanda ke mutuwa ba su kai kashi 10 ba. Rabin waɗanda aka haifa a mako 32 ko ƙasa da haka a ƙasashe matalauta ba sa rayuwa, alhali a can kusan dukkansu suna tashi. A nan gida kuma akwai batun wurin haihuwa. Binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne ake yi a asibiti a Nijeriya, a Arewa maso Yamma kuwa adadin bai kai kashi 20 ba.

1.4 Abubuwan da Ke Kawo Ta

Kusan kashi biyu cikin uku na haihuwa kafin lokaci da kanta take zuwa, ko dai naƙuda ta taso haka kawai, ko faya ta fashe tun kafin naƙuda. Ragowar kuwa likita ne yake yanke shawarar a fito da jariri domin ceton uwa ko ɗan, alal misali idan hawan jini ya tsananta har ana tsoron jijjiga, ko mabiyiya ta saki jini yana zuba.

Sau da yawa ba a gano takamaiman dalili, amma an san abubuwan da ke ƙara haɗari. Babba daga cikinsu shi ne mace ta taɓa haihuwar bakwaini a baya. Sai cikin tagwaye ko 'yan uku, domin mahaifa takan cika ta miƙe tun da wuri, kuma rabin tagwaye ko fiye kafin lokaci ake haifarsu. Ƙwayoyin cuta suna da babban hannu, musamman ciwon sanyi na mafitsara da na al'aura, domin sukan hau su raunana faya su tayar da mahaifa. Zazzaɓin cizon sauro a lokacin ciki yana cikin manyan dalilai a ƙasashenmu, saboda ƙwayar cutar tana taruwa a mabiyiya, tana kuma shanye jinin uwa. Akwai ƙarancin jini da rashin abinci mai gina jiki, da ciwon sukari, da amosanin jini, da raunin bakin mahaifa. Shekarun uwa ma suna da tasiri, yarinyar da ta ɗauki ciki jikinta bai gama girma ba da matar da ta kusa daina haihuwa duk suna cikin haɗari. Haka nan kwanika, musamman idan sabon ciki ya shiga kafin wata shida da haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a bar wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki, kuma wannan bai yi nisa da al'adar iyayenmu ta shayarwa har zuwa yaye ba. Bincike ya kuma nuna alaƙa tsakanin haihuwa kafin lokaci da shan taba, da hayaƙin itacen girki a rufaffen ɗaki, da tsananin zafi, da duka ko takurawar da mai ciki ke sha a gidan aure.

Da yawa daga waɗannan ana gano su a awon ciki. Tun 2016 shawarar hukumar ita ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas, a yi mata hoton ciki kafin mako 24 domin a san shekarun cikin daidai, kuma a wuraren da ake da sauro a ba ta maganin rigakafin zazzaɓi daga mako 13, wata-wata, aƙalla sau uku.

1.5 Alamomin Naƙuda Kafin Lokaci

Wahalar wannan naƙuda ita ce ba ta cika zuwa da ƙarfi ba. Takan fara da ɗaurewar ciki da saki a kai a kai, kamar kowane minti goma ko ƙasa da haka, wani lokaci ma ba tare da zafi ba. Mace takan ji ciwon mara irin na al'ada, ko ciwon ƙugu mai nauyi wanda ba ya tafiya ko ta canza kwanciya, ko ta ji kamar ɗan yana danno ƙasa. Akan ga majina mai yauƙi, wani sa'in da ɗigon jini. Ruwa yakan ɓalle gaba ɗaya, ko ya riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan har ta zaci fitsari ne. Zazzaɓi ko raguwar motsin ɗa idan suka haɗu da waɗannan, to, abin ya ƙara tsanani.

Gaskiya ne cewa mahaifa takan yi ɗan juyi a watannin ƙarshe ba tare da naƙuda ba, wanda likitan Ingila John Braxton Hicks ya bayyana a 1872. Irin wannan juyi ba shi da tsari, ba ya ƙaruwa, kuma yakan lafa idan mace ta huta ta sha ruwa. Gaskiya ne kuma cewa mata da yawa da suka je asibiti da alamun naƙuda sukan koma gida da cikinsu. Amma babu mai iya bambance ta gaske da ta ƙarya da ido, sai an duba bakin mahaifa.

A nan ne al'ada take shigowa. An tarbiyyantar da 'ya mace Bahaushiya a kan kunya da dauriya, musamman a cikin fari. Ba ta faɗar tana da ciki, ba ta kukan naƙuda, kuma abin yabo ne a ce ta haihu ita kaɗai a ɗaki ba wanda ya ji. Ungozoma ma galibi sai bayan ɗa ya faɗo ake kiranta, ta yanke cibiya ta yi wanka. Idan kuma maigida ba ya nan, akan jira izininsa kafin a fita. Wannan dauriya halin kirki ce a wurare da dama, amma a naƙudar wata bakwai ita ce take cinye sa'o'in da za a ceci jariri da su. Ga kuma goyon ciki, wanda yakan kai mai cikin fari gidan iyayenta a wajen wata na bakwai, watakila ƙauyen da ke nesa da asibiti da kuma katinta na awo.

1.6 Haɗarin da Jariri Yake Shiga

Matsala ta farko ita ce numfashi. Huhu yana ɗauke da miliyoyin ƙananan jakunkunan iska, kuma akwai wani maiƙo da yake shafe cikinsu wanda likitoci ke kira safaktan. Aikinsa shi ne hana jakunkunan mannewa idan an fitar da iska. Huhun ɗan tayi yana fara yin wannan maiƙo a wajen mako 24, amma ba ya wadata sai wajen mako 34 zuwa 35. Jaririn da ba shi da isasshe, kowane numfashi kamar hura sabon balan-balan yake gare shi. Za a ga yana numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa, yana gurnani, leɓɓansa na sauya launi, har ya gaji. Mary Ellen Avery da Jere Mead ne suka gano a 1959 cewa rashin wannan maiƙo ne sanadin ciwon. A watan Agusta na 1963 Patrick, ɗan shugaban Amurka John F. Kennedy, wanda aka haifa saura mako biyar da 'yan kwanaki lokacinsa ya cika, ya rasu da wannan ciwo kafin ya cika kwana biyu, duk da cewa manyan likitocin ƙasar ne a kansa. Sai a 1980 Tetsuro Fujiwara a Japan ya nuna ana iya ɗura maiƙon a huhun jariri ya warke. Ban da wannan, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi bai gama nuna ba, don haka bakwaini yakan ɗauke numfashi na daƙiƙoƙi kamar ya manta. Maganin da ake ba shi a asibiti shi ne kafeyin, sinadarin da ke cikin goro da gahawa, amma a ma'auni na musamman da likita kaɗai ke ƙayyadewa.

Matsala ta biyu ita ce sanyi, kuma ita ce aka fi rainawa. Zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Bakwaini fatarsa siririya ce, ba shi da kitse, kansa babba ne idan aka kwatanta da jikinsa, don haka zafi yana fita daga jikinsa da sauri. Ba sai da hunturu ba, ko da bazara jiƙaƙƙen jariri da aka ajiye a tabarma ana jiran mabiyiya yakan huce cikin mintuna. Idan ya huce sai ya ƙona ɗan sukarin da ke jininsa, numfashinsa ya ƙara wahala, ya kasa shan nono, rashin nonon kuma ya ƙara masa sanyi.

Ciyarwa ita ce ta uku. Haɗa tsotso da haɗiya da numfashi a lokaci guda fasaha ce da jariri ba ya ƙwarewa a kanta sai wajen mako 34. Wanda bai kai nan ba yakan shaƙe ko ya gaji kafin ya ƙoshi. Hanjinsa ma ɗanye ne, kuma akwai wani mugun kumburi da ke ruɓar da hanjin bakwaini, wanda ya fi kama waɗanda aka ba madarar gwangwani ko ta dabba maimakon nonon uwa.

Garkuwar jiki kuwa yawancinta a watanni ukun ƙarshe take ratsawa daga uwa zuwa ɗa, saboda haka bakwaini ya fito ne ba a gama ba shi guzurinsa ba. Ƙwayar cutar da cikakken jariri zai iya jurewa, shi takan shiga jininsa ko huhunsa ko rigar ƙwaƙwalwarsa. Hantarsa ma ba ta gama ƙwari ba, shi ya sa shawara takan kama shi da wuri, kuma idan ta yi yawa ba a sa shi ƙarƙashin fitilar asibiti ba takan taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar kurumta ko shanyewar gaɓoɓi. Ƙwaƙwalwar kanta a mako 34 ba ta wuce kashi biyu cikin uku na nauyin da za ta kai a mako 40 ba, kuma a jarirai 'yan ƙasa da mako 32 jijiyoyin jininta sukan fashe cikin sauƙi.

Ido ma yana da nasa haɗarin. Jijiyoyin jinin bayan ido ba su gama shimfiɗuwa ba, kuma iskar oksijin idan ta yi yawa takan sa su yi tsiro barkatai. A shekarun 1940 da 1950 dubban jarirai a Turai da Amurka sun makance ta wannan hanya kafin a gane dalili. Mawaƙin Amurka Stevie Wonder, wanda aka haifa a 1950 kafin lokacinsa, yana cikinsu. Don haka ne ake auna oksijin da ake ba bakwaini, ake kuma duba idonsa bayan 'yan makonni.

1.7 Darajar Sa'o'i Arba'in da Takwas

Wani zai ce, idan naƙuda ta riga ta taso me asibiti zai iya yi? Amsar tana cikin labarin wani likita a birnin Okland na ƙasar Niyu Zilan mai suna Graham Liggins. Yana binciken abin da ke tayar da naƙuda a jikin tumaki, sai ya lura cewa 'yan tumakin da aka ba wani nau'in magani tun suna ciki suna iya numfashi ko da an haife su tun lokaci bai yi ba. A 1972 shi da Ross Howie suka buga sakamakon gwaji a kan mata 282, wanda ya nuna cewa allurar tana gaggauta nunar huhun jariri. Ɗaya daga irin waɗannan allurai ita ce deksametason. Ana yi wa uwa sau huɗu, sa'a 12 tsakani, idan ciki yana tsakanin mako 24 da 34. A 2020 wani babban gwaji da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a asibitocin Bangaladash da Indiya da Kenya da Nijeriya da Pakistan ya tabbatar da cewa tana rage mutuwar jarirai a ƙasashe irin namu.

Allurar tana bukatar lokaci kafin ta yi aiki. Saboda haka ake ba uwa maganin da ke sassauta juyin mahaifa, kamar nifedifin. Wannan magani ba ya mayar da ciki wata tara, abin da yake yi shi ne sayen kimanin sa'a 48, domin allurar huhu ta kama, a kuma kai matar asibitin da ke da sashen jarirai. Cikin uwa ya fi kowace mota aminci wajen ɗaukar bakwaini. Idan ciki bai kai mako 32 ba akan ƙara da magnisiyam salfet domin kare ƙwaƙwalwar jariri, idan kuma faya ta fashe a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Matar da ta iso kan ɗa ya riga ya sauko ta rasa duk waɗannan.

Wajibi ne a yi gargaɗi a nan. Waɗannan magunguna ba na saye a kemis ba ne. An taɓa gwada raba allurar huhu a ƙauyukan wasu ƙasashe ba tare da tantance shekarun ciki ba, sai aka ga ta cutar maimakon ta taimaka. Haka kuma jiƙe-jiƙen da ake ba mai naƙuda domin ta haihu da sauri, a wannan hali kishiyar abin da ake nema suke yi.

1.8 Bayan Haihuwa

Idan aka ce bakwaini, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne kwalba. Kwalba tana da amfani, amma tana da tsada, tana bukatar wutar lantarki da ba ta ɗaukewa, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Irin wannan ƙarancin ne ya sa a 1978 likita Edgar Rey Sanabria a wani asibitin haihuwa na Bogota, babban birnin Kolombiya, ya fara ɗora jarirai a ƙirjin iyayensu mata. Ana kwantar da jariri tsirara, sai hula da ƙyallen tsuguno, tsakanin nonon uwa, fata na taɓa fata, a ɗaure shi da zane. An sa wa dabarar sunan kangaru, dabbar Ostareliya mai ɗaukar ɗanta a jakar cikinta. Ga Bahaushiya wannan goyo ne, sai dai an juyo da shi gaba an cire tufafin da ke tsakani. Jikin uwa yana ɗumama shi, nono yana kusa, numfashinsa yana daidaita. Wani gwaji da aka buga a 2021, wanda aka yi a Gana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da kuma Ile-Ife a Nijeriya, ya nuna cewa fara wannan goyo nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da kashi 25 cikin 100. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yin sa daga sa'a 8 zuwa 24 a rana. Uba ko kaka suna iya karɓar uwa idan za ta yi wanka ko ta huta.

Iyayenmu sun san bakwaini ɗumi yake so, shi ya sa suke naɗe shi su tsare shi a ɗaki. Wannan ilimi ne na gaskiya. Amma akwai al'adun da dole a jingine masa. Wankan farko a jinkirta shi aƙalla sa'a 24, a goge shi kawai a rufe. Dakashi, wanda akan matse a zubar da sunan ƙazanta ko mugun nono, shi ne abinci mafi dacewa da hanjinsa, kuma cike yake da garkuwar da bai samu a ciki ba. Idan ba ya iya tsotso a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi, kada a ba shi ruwa ko zuma ko nonon akuya. Cibiya a shafa mata maganin da asibiti ya bayar, a bar gashi da tsumma da shafa toka. Cire belu da tsaga ba su da wuri a jikin da jininsa duka bai cika kofin shayi ba. Ranar suna a raɗa suna a yi yanka, amma jariri ya zauna a ƙirjin uwarsa, masu barka su gan shi daga nesa. Idan ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko ya yi rawaya, ko numfashinsa ya sauya, ko ya yi jijjiga, a koma asibiti ko da tsakar dare ne.

1.9 Bakwaini a Gida da Makaranta

Mafi yawan bakwainin da suka tsallake makonnin farko sukan tashi lafiya lau. Wajen auna girmansu a shekara biyun farko ana cire makonnin da suka rage musu a ciki. Ɗan wata shida da aka haifa saura wata biyu, a duba shi a matsayin ɗan wata huɗu, kada a ce ya makara da zama. Allurar rigakafi kuwa ba a jinkirta masa ita don yana bakwaini, sai idan likita ya ce a dakata.

Wasu kuma sukan taso da raunin ji ko gani, ko wahalar karatu da lissafi, ko gajeren natsuwa, musamman waɗanda aka haifa kafin mako 32. Irin wannan yaro zai zauna a ajin ɗalibin da ke karanta wannan darasi. Kafin malami ya kira shi daƙiƙi ko ya ɗauko bulala, ya dace ya matso da shi gaban allo, ya gwada ko yana ji yana gani sosai, ya kuma tambayi iyaye yadda aka haife shi.

Tambayoyi

1. Yi bayanin bambancin da ke tsakanin lissafin ciki na gargajiya da na asibiti, sannan ka nuna gazawar kalmar bakwaini wajen bayyana matakan haihuwa kafin lokaci.

2. Wata ta fara jin ciwon ƙugu da tsiyayar ruwa a wata na bakwai, mijinta ya yi tafiya, surukarta ta ce a jira gari ya waye. Rubuta abin da za ka faɗa wa surukar, cikin ladabin da ya dace da ita.

3. Tattauna da wata ungozoma ko tsohuwa a unguwarku kan yadda ake kula da bakwaini a da. Kawo kalmomin da ta yi amfani da su, ka ware abin da ya dace da wannan darasi da abin da ya saɓa masa.